Shan maganin sitiroyid kafin tiyatar tsiron hanci

Malama, kin tambaya ko ya dace ki sha prednisolone, wato maganin sitiroyid mai rage kumburi, da likita ya rubuta miki kafin a cire miki tsiron hanci, tunda kina jin tsoron illarsa. Shawarata ita ce ki sha yadda aka tsara miki.

Tsiron nan yana fitowa ne daga daɗaɗɗen kumburin kogunan hanci, kuma shan maganin na kwana 5 zuwa 7 yakan sa ya motse, zubar jini ta ragu yayin aiki, har likita ya riƙa ganin hanya sarai ta siririyar kyamarar da yake zurawa, abin da ke da muhimmanci ƙwarai domin wurin yana dab da ido. Sau da yawa ma jin ƙamshi yakan fara dawowa.

Sai dai maganin yana ɗaga sukari da hawan jini, yana hana barci, don haka a sha shi da safe bayan karin kumallo. In kina da ciwon suga ko gyambon ciki, ki sanar da likita tun yanzu.

Bayan tiyata kuwa, ki dage da wanke hanci da ruwan gishiri da feshin hanci na mometasone, wanda shi ma sitiroyid ne, na tsawon watanni, domin tsiron yakan sake fitowa, musamman ga mai asma.