Amsoshin Tambayoyi: Antibodin Smad7 da Matsalar Jabu

Tambaya: Malam, sau uku ina yin western blot (gwajin da furotin ɗin da ake nema yake fitowa a matsayin layi) ina neman Smad7, ko layi ɗaya bai fito ba. Da kuɗina na sayi antibodin (sinadarin da ke kama furotin ɗin da ake nema), har barci ya ƙaurace mini.

Kwantar da hankalinki, 'yata, mai yiwuwa ba hannunki ba ne. Smad7 furotin ne mai taka wa saƙon TGF-beta (furotin mai kai saƙo ga ƙwayoyin halitta) birki, kuma ɗan kaɗan ne a cikin ƙwayar halitta, domin wasu furotin biyu, Smurf1 da Smurf2, suna yi masa alama a rushe shi da wuri. Ki zuba TGF-beta a kan ƙwayoyin halittar na 'yan awanni don Smad7 ya ƙaru, ki haɗa da sinadarin MG132 maikuromola 10 don hana rushewar. Ki loda furotin maikurogiram 30 zuwa 50, antibodi 1:1000, ya kwana a digiri 4. Ki nemi layin wajen 46 kDa (kilodalton, ma'aunin nauyin furotin). In kin fara da IP, wato tsamo furotin da antibodi kafin gwajin, ki kula: babbar sarƙar IgG, wato ta antibodin kansa, tana fitowa kusa da 50 kDa, tana iya rufe shi.

Tambaya: Tunda Smad6 da Smad7 'yan gida ɗaya ne, ba zan yi amfani da antibodi ɗaya ba?

A'a. Smad6 ya fi tare hanyar BMP, wani furotin mai kai saƙo daga dangin TGF-beta, kuma ya fi Smad7 nauyi. Antibodin da ya kama su biyun bai ba ka amsar komai ba.

Tambaya: Wani dillali ya kawo mini antibodi a rabin kuɗi. In saya?

Kada ka saya, ɗan'uwa. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ana cika ƙaramar kwalba da ruwan gishiri ko antibodin da aka tsinka, a manna takardar babban kamfani, mai saye kuma ba zai gane ba sai ya ƙona samfurin wata shida. Ka nemi lambar kaya da lambar rukuni, ka tura wa kamfanin ya tabbatar. Ka ce a nuna maka hoton gwajin da aka yi da ƙwayoyin da aka cire wa Smad7, inda layin ya ɓace. Babu wannan hoto, to ka tanadi siRNA, wadda ke hana ƙwayar halitta yin Smad7, ka gwada da kanka. Ko na gaske ne, ka buɗe akwatin a gaban mai kawowa ka taɓa jakar ƙanƙara. In ta zama ruwan ɗumi, ka rubuta hakan kafin ka sa hannu. Da yadda wuta take a wajenmu, ka raba antibodin a ƙananan kwalabe na maikurolita 10, ka ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili, cikin firizar da ke kan janareta. Daskarewa da narkewa sau da yawa yana kashe shi. In kamfanin yana sayar da ƙaramin gwaji, fara da shi.

Tambaya: Madara ko BSA (furotin daga jinin shanu) wajen toshe membaren, wato takardar da ake mayar da furotin a kanta?

Don Smad7 madara kashi 5 cikin ɗari ta isa. Don phospho-Smad2, wato furotin Smad2 da aka maƙala wa fosfet, sai BSA, saboda kasin, furotin ɗin da ke cikin madara, shi ma yana ɗauke da fosfet, yana dagula hoton.