Amsa ga ɗan'uwa mai son ƙera injin ɓare gyaɗa

Salamu alaikum ƴan zaure. Ƙanena, ka ce kana son ƙera injin ɓare gyaɗa na hannu, kana tambaya ko ka fara da zane a kwamfuta da buga samfuri da injin 3D (injin da ke fitar da siffar abu da roba daga zanen kwamfuta), ko ka miƙe wurin mai walda. Na bi wannan hanyar a nan Yamai, har yanzu gawar injina na farko tana bayan ɗaki, kaji na ƙwai a ciki.

Kada ka fara da ko ɗaya. Nemi kwali, katako da ƙusa. Abin da ke kashe injin gyaɗa shi ne tazarar da ke tsakanin gangar da ke juyawa da rariyar ƙasa: ta yi faɗi, gyaɗa ta wuce da ɓawonta, ta matse, ƙwaya ta farfashe. Kwamfuta ba za ta faɗa maka wannan tazarar ba, don gyaɗar ma ba girmanta ɗaya ba. Ni sai da na sauya rariya sau huɗu a samfurin katako, da tiya biyu ta gyaɗa, kafin na gane dole tazarar ta zama mai gyaruwa da noti. Kuma ka ba mai aikin ta juya da kanta. Innata ta murɗa sau uku ta ce, "Wannan na masu tsayuwa ne, mu a zaune muke ɓara." Da na riga na kai wa mai walda, da ƙarfe ya tafi a banza.

Bayan nan sai zane. FreeCAD, wani shirin zane na kwamfuta, kyauta ne, ba ya buƙatar intanet, kuma yana da sashen gwada nauyi da ke nuna maka da launi inda ƙarfe zai fi shan wahala. Yana da amfani, amma lissafinsa na ƙarfen da ka gaya masa ne. Wanda za ka tsinto a kasuwar Katako ta nan Yamai, Allah kaɗai ya san daga jikin wace mota ya fito, don haka ka ƙara kauri.

Injin 3D kuwa, a nan na sha kashi. Robar PLA da aka fi bugawa da ita tana fara laushi wajen digiri 60. Na buga haƙoran juyi, na bar su cikin mota a rufe a watan Afrilu, na dawo daga sallar azahar na tarar sun lanƙwashe kamar ƙuli-ƙulin da bai soyu ba. Robar PETG ta fi juriya, tana kai wajen digiri 80, amma ita ma ba ta aikin kullum ba ce. Amfanin injin 3D na gaskiya shi ne ka buga siffar abin da kake so, ka kai wa masu zubin tukwane a Katako su danna ta cikin yashi su zuba maka da alminiyom. Sai dai alminiyom na tsukewa in ya huce, kusan milimita 1,3 a kowace milimita 100. Ban san da haka ba, ramin abin da aka zuba mini ya ƙi karɓar sandar da za ta shiga cikinsa. Ka ƙara girman siffar, ka ɗan karkata gefunanta don ta fita daga yashi salin-alin, ramin kuma a huda shi bayan zubi.

In ka haɗa na katakon, turo hoton rariyar mu gani.