Bayan an saka bututu a babbar jijiyar jini: amsoshin Likita

Likita, babbar jijiyar jini ta cikin mahaifina ta kumbura, aka zura masa bututu ta matse-matsi ba tare da an tsaga ciki ba. Yanzu hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura, ya nuna wai akwai yoyo. Aikin ya lalace ke nan?

Allah ya ba Baba lafiya. Ba lallai ba ne, ɗana. Aikin bututun shi ne ya ɗauke jini daga jikin kumburin don kada ya fashe. Yoyo na nufin jini na samun hanyar komawa ciki, sai dai yoyon iri-iri ne. Wanda aka fi gani yana zuwa ne daga ƙananan jijiyoyin baya ko na hanji, waɗanda ke maido da jini cikin kumburin. Wannan sau da yawa yakan toshe da kansa, sa ido kawai ake yi, sai in kumburin ya ci gaba da girma. Wanda ba a yi wa jinkiri shi ne yoyon bakin bututu, inda bai kama jikin jijiya sosai ba, ko inda sassansa suka rabu. Ka tambayi likitansa wanne ne a ciki, kuma faɗin kumburin ya ƙaru ko ya ragu.

Kwana biyu da aikin mijina, jikinsa ya yi zafi.

Hajiya, zazzaɓi a kwanakin farko abu ne sananne, jiki ne ke mayar da martani ga baƙon abu. Amma a sanar da likita ya tabbatar ba ƙwayoyin cuta ba ne. In fitsarinsa ya ragu kuma, a duba ƙoda, don ruwan da ake ɗurawa a jijiya wajen ɗaukar hoto yakan wahalar da ita.

Shekara huɗu da aikina, lafiyata ƙalau. Zan iya daina zuwa hoto?

A'a, Malam, kuma a nan ne na fi samun saɓani da marasa lafiya. Binciken EVAR 1 na Birtaniya ya nuna a 2004 cewa mutuwa cikin kwana 30 na farko ta fi ƙaranci da wannan aiki a kan tsaga ciki, amma da shekaru suka ja, masu bututu sun fi komawa gyara. Bututu na iya zamewa ko ya yi yoyo ba ka ji komai ba. Hoto a kai a kai dole ne, har tsawon rai, kuma a bar sigari. In ka ji ciwon baya ko na ciki mai tsanani farat ɗaya, ko ƙafa ta yi sanyi ta ɗashe, a garzaya da kai asibiti nan take.