Na Faɗi Bayan Baftisma, Cetona Ya Tafi Ke Nan?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Na karɓi Almasihu tun ina yaro, aka yi mini baftisma, har na shiga ƙungiyar mawaƙa. Daga baya na faɗa cikin zina da shaye-shaye, na daina zuwa sujada kusan shekara biyu. Yanzu ina so in dawo, amma na ji wani mai wa'azi ya karanta Ibraniyawa 6:4-6, ya ce wanda ya ɗanɗana alherin Allah ya faɗi, ba shi da sauran tuba. Tun ranar barci ya ƙaurace wa idona. Baba, Kirista yana iya rasa cetonsa? Ni nawa ya tafi ke nan?

Ɗanka cikin Ubangiji

AMSA: Ɗana, tambayoyi biyu ka yi mini, kuma ta biyun ce ke hana ka barci, don haka da ita zan fara. A'a, ƙofa ba ta rufe maka ba.

Ɗauko Littafi Mai Tsarki ka karanta wasiƙar nan ta Ibraniyawa daga farko har ƙarshe. Mutanen da aka rubuta wa Yahudawa ne da suka bi Almasihu, aka tsananta musu, har aka ƙwace musu dukiya, kamar yadda sura 10 ta faɗa. Wahala ta sa wasunsu tunanin komawa ga hadayun dā, su fito fili su ce jinin Yesu ba shi da amfani. Wannan ce faɗuwar da sura 6 ke magana a kai: mutum ya san Almasihu sarai, sannan da gangan ya ƙi shi, ya tozarta shi a bainar jama'a. Wanda ya kai can ba ya kwana yana kuka don yana son dawowa. Kuma da mai wa'azin ya ƙara ayoyi uku, da ya iske aya ta 9, inda marubucin ya ce wa masu karatunsa yana da tabbacin abubuwa mafi kyau game da su. Raina yana ɓaci idan aka tsinke aya daga mazauninta aka jefi mai rauni da ita.

Zunubinka babba ne, ba zan shafa maka mai a baki ba. Amma Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin, daga baya ya yi addu'ar tuba da muke karantawa a Zabura 51. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, har da rantsuwa, amma ya tuba, Yesu kuwa ya karɓe shi. Yahuza ma ya yi nadama, ya mayar da azurfa talatin ɗin, sai dai wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, bai kai ta wurin Yesu ba. Nan hanyarsa ta rabu da ta Bitrus.

Tambayarka ta farko kuwa, ikilisiya ta daɗe tana muhawara a kanta. A 1547 taron Trent na Katolika ya ce babban zunubi yana raba mutum da alherin Allah, amma ana komowa ta wurin tuba da furta zunubi gaban Fada. A 1610 almajiran wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus a ƙasar Holan suka nuna shakka kan koyarwar cewa mai bi ba ya faɗuwa har abada, sai taron shugabannin ikilisiya da aka yi a garin Dort daga 1618 zuwa 1619 ya amsa musu cewa Allah yana riƙe zaɓaɓɓunsa har ƙarshe. John Wesley, uban ɗarikar Metodis, ya koyar da cewa mai bi na gaskiya yana iya juya baya ya hallaka. Kowane ɓangare da ayoyinsa, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinsu duka.

Ni dai inda na tsaya shi ne Yohanna 10:28-29. Yesu ya ce yana ba tumakinsa rai madawwami, ba kuwa mai ƙwace su daga hannunsa. Da ƙarfin riƙona ne ke tsare cetona, da kowace safiya sai in tashi cikin fargaba. Waɗanda suka fita ba su ƙara waiwayowa ba, 1 Yohanna 2:19 ta ce dama can ba namu ba ne. Duk da haka ba na wasa da gargaɗin Ibraniyawa. Da irin wannan gargaɗi Allah yake farkar da 'ya'yansa, kamar yadda ya farkar da kai. Wanda ke cewa "ai na riga na tsira" yana kuma jin daɗin zunubinsa, shi nake ji wa tsoro fiye da kai.

Ka lura da abu guda: duk ɓangarorin nan, babu wanda ya koyar da cewa Yesu yana korar mai tuba. Shi da bakinsa ya ce a Yohanna 6:37 wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan.

Saboda haka, ɗana, yau ɗin nan ka durƙusa ka ambaci zunubanka ɗaya bayan ɗaya gaban Allah. Ka yanke hulɗa da matar nan da abokan shan. Kafin Lahadi ka je wurin fastonka ka faɗa masa gaskiya duka. Idan dattawa suka sa ka a horo, suka ce ka dakata da cin jibin Ubangiji na ɗan lokaci, ka karɓa, kada kunya ta sa ka gudu wata ikilisiya inda ba a san ka ba. Ka sake rubuto mini in ji yadda kuka yi, ina yi maka addu'a.