Cire haƙorin sama yana taɓa ido?

Tambaya: Likita, turmina na sama a ɓangaren dama ya yi kogo, wata uku ke nan ina cusa kanumfari a ciki. Na je asibiti an ce ya wuce ciko, sai cirewa. Mahaifiyata ta hana, wai cire haƙorin sama yana raunana ido. Gaskiya ne? Idan na yarda aka cire, me zan kiyaye?

Amsa: Malama, ki kwantar wa Hajiya hankali. Jijiyar gani daban take da jijiyar da ke kai wa haƙora ji, kuma cire turmi ba ya rage gani. Abin da ke iya kaiwa ga ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin da aka bari ya tara mugunya, kumburi ya haura kunci har fatar ido ta rufe. Kanumfari kuwa zafi kawai yake dannewa, ruɓa tana nan tana ci.

Maƙwabcin turmin sama da ya kamata ki sani shi ne wani kogon iska da ke cikin ƙashin kunci, wanda yake haɗe da hanci. Turmin sama yawanci saiwa uku gare shi, na ƙasa biyu, kuma a wasu mutanen ƙashin da ya raba saiwar da kogon bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Shi ya sa ake ɗaukar hoton haƙori kafin a taɓa shi. Idan ƙaramar kafa ta buɗe yayin cirewa, likita zai ɗinke wurin, ya hana ki fyace hanci na kamar mako biyu, atishawa ma ki yi ta baki a buɗe. Alamar kafar ita ce ki sha ruwa ki ji yana fitowa ta hanci.

Kafin allura ki faɗa masa idan kina da juna biyu, hawan jini, ciwon suga ko sikila, ko kina shan maganin tsinka jini irin su warfarin da asfirin. Kada ki dakatar da magani da kanki. Ki ci abinci kafin ki je, don masu zuwa da yunwa su suka fi yin jiri a kan kujera.

Za a yi allurar kashe zafi a dasashi ta wajen kunci, da wata ta ganɗa, wadda ta fi zafi amma na daƙiƙoƙi ne. Bayan minti biyar wurin ya mutu. Likita zai sa wani siririn ƙarfe ya sassauta haƙorin, sannan ya kama shi da awartaki yana girgizawa a hankali. Za ki ji dannawa da ƙara a cikin kai. Idan zafi mai tsini kika ji, ɗaga hannu a ƙara allura. Haƙorin da ya ruɓe sosai yakan karye, sai a raba saiwoyin a fitar da su ɗai-ɗai. Wannan ba kuskuren likita ba ne.

Babban aikin yana gida, kuma duk a kan gudan jinin da zai daskare a ramin ne, domin a ƙarƙashinsa nama yake tsirowa. Ki cije audugar da aka sa miki minti 30, ba surutu, ba leƙawa. Awa 24 na farko kada ki kuskure baki da ƙarfi, kada ki riƙa tofar da yawu, kada ki zuƙi abin sha da tsinke, kada harshe ya je bincike. Wajen alwala ki sa ruwa kaɗan, ki sunkuya ya zubo da kansa. Yawu mai ɗan ja-ja ba komai ba ne. Idan jini ne sosai, naɗe tsabtataccen ƙyalle ki sake cijewa rabin awa. In bai tsaya ba, koma asibiti.

Sai allura ta sake ki, bayan awa biyu zuwa huɗu, za ki ci abinci, don kada ki tauna kuncinki ba ki sani ba. Kunu ko koko da ya huce, fura da nono, faten dankali. Gyaɗa, aya, kilishi da goro su jira mako guda. Daga washegari ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki riƙa jiƙa wurin sau uku ko huɗu a rana, ki ci gaba da goge sauran haƙora.

Don zafi, farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini. Asfirin yana ƙara zubar jini, ki bar shi in ba likita ya ɗora ki a kai ba.

Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sacewa. Idan kuwa zafi ya lafa sai ya dawo da ƙarfi a rana ta uku, yana harbawa har kunne, baki yana wari, to gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a fili. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na kemis ba ya warkar da wannan. Likita ne zai wanke ramin ya cusa magani, a ranar za ki ji sauƙi. Zazzaɓi, kumburin da ke nufar ido, ko wahalar haɗiya da buɗe baki kuwa, ba a kwana da su a gida.