Tambaya da Amsa: Shin Kwalejin Fasaha Za Ta Rufe wa Ɗana Ƙofar Jami'a?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Malam, ɗana ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare. Yana da ƙoƙari a lissafi, amma hankalinsa ya fi karkata ga aikin lantarki, har ta kai babu fanka ko rediyon da zai lalace a gidanmu bai kwance shi ya duba ba. Wani malaminsa ya ba ni shawarar in kai shi kwalejin fasaha, inda ake haɗa karatun boko da koyon sana'a, sai dai yayana ya ce makarantar waɗanda suka kasa ce, kuma duk wanda ya shige ta ya yi sallama da jami'a. Ina neman bayanin yadda ake shiga, da kuma gaskiyar wannan magana.

Daga wani uba a Funtuwa, Jihar Katsina

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya wannan yaro, ya yi masa albarka. Zan fara da maganar yayanka, domin ita ce ke hana iyaye da yawa a ƙasar Hausa kai 'ya'yansu inda za su fi amfana. Babu gaskiya a cewar da ake yi wai kwalejin fasaha tana rufe wa ɗalibi ƙofar jami'a. Ɗalibin wannan makaranta yana yin shekara uku kamar takwaransa na babbar sakandare, yana karanta Turanci da lissafi da darussan kimiyya, sannan a ƙara masa zanen fasaha da kuma sana'ar da ya zaɓa, wadda zai koya a aji kuma ya yi ta da hannunsa a ɗakin aiki. A ƙarshe yana rubuta jarrabawar NABTEB, wato hukumar shirya jarrabawar fannin fasaha da kasuwanci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1992, hedkwatarta kuma tana birnin Benin na Jihar Edo. Wanda ya bi fannin aikin hannu ana ba shi takardar shaidar NTC, wanda ya bi fannin kasuwanci kuma NBC, kuma hukumar JAMB tana karɓar wannan sakamako kamar yadda take karɓar na WAEC da NECO, matuƙar ɗalibi ya sami kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, a darussan da suka dace da abin da yake son karantawa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wurin da nake so ka tsaya ka yi nazari, domin nan ne ake samun tangarɗa. Yaron da ya koyi aikin lantarki, ya ci lissafi da Turanci da fizis da kemistiri, hanyarsa a buɗe take zuwa karatun injiniya, ko a jami'a ko a kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, kuma zai shiga aji ya riga ya san waya da fis da mita a hannu, alhali wasu abokan karatunsa a takarda kawai suka taɓa ganin su. Amma idan burin gidanku shi ne ya zama likita ko lauya, to wannan ba ita ce hanyar da ta fi miƙewa ba, saboda likitanci yana buƙatar bayoloji, lauyanci kuma yana buƙatar adabin Turanci, kuma ba kowace kwalejin fasaha ce ke koyar da su ba. Saboda haka kafin ka cike fom, ka nemi jerin darussan da makarantar ke yi wa ɗalibanta rajista a jarrabawar ƙarshe, ka gwada shi da littafin ƙa'idojin JAMB na kwas ɗin da yaron ke hari. Akwai kuma ɗaliban da kan ƙara da jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu domin cike wani gurbi, kuma babu laifi a hakan.

Game da yadda ake shiga, hanya biyu ce. Akwai kwalejojin gwamnatin tarayya, irin na Dayi da ke nan kusa da ku a Ƙaramar Hukumar Malumfashi, da na Kafanchan da Zuru da Shiroro da Michika, waɗanda ake shigar su ta jarrabawar share fage da NABTEB ke shiryawa. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar da sabon tsari na ba da ƙarfi ga aikin hannu a waɗannan makarantu, inda kashi 80 cikin ɗari na koyarwa zai zama a aikace, kashi 20 kuma a aji, tare da ɗauke wa ɗalibai kuɗin makaranta. Sai kuma kwalejojin jihohi, waɗanda a Katsina da Kano suke ƙarƙashin hukumomin makarantun kimiyya da fasaha, kuma kowace hukuma tana shirya tata jarrabawar shiga. Takardun da aka saba nema su ne shaidar kammala ƙaramar sakandare, da takardar haihuwa, da ta asalin ƙaramar hukuma, da hotuna, sannan ina ba ka shawara ka yi wa yaron rajistar lambar NIN tun yanzu, ka kuma tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun zo ɗaya a duk takardun, domin gyaran suna daga baya yana da wahala da cin lokaci. Kada ka ba kowa kuɗi a gefe da sunan zai sama maka gurbi. Ka je makarantar ko ofishin hukumar da ƙafarka.

Abin da na fi so ka riƙe daga wannan amsa shi ne ka ziyarci makarantar kafin ka yanke shawara, kuma kada ka tsaya a ofishin shugaba. Ka nemi a kai ka ɗakin aikin lantarki. Ka duba ko injinan da ke ciki suna aiki ko ƙura ta rufe su, ka tambaya sau nawa ɗalibai ke shiga a mako, ko akwai wuta ko janareta ko sola a lokacin darasi, ko akwai malamin da ya ƙware a wannan sana'a ko kuwa aro ake yi daga wani sashe, kuma wa ke sayen kayan aiki irin su waya da filaya da sukundireba. Ina faɗin haka ne domin tun da aka fara tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a 1982, da niyyar kowane yaro ya fita sakandare da sana'a a hannunsa, babbar matsalar da ta karya shi ita ce injina sun iso makarantu da dama amma babu wuta, babu malaman da za su sarrafa su. Kwalejin fasahar da ba ta da ɗakin aiki mai rai ta cuci yaro sau biyu, domin bai sami zurfin karatun da ke makarantar kimiyya ba, bai kuma sami sana'ar da aka yi masa alkawari ba. Idan ka sami dama, ka zanta da ɗaliban aji uku ba a gaban malamansu ba, ka tambaye su abin da suka iya haɗawa da hannunsu, ka kuma bincika ko hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda ke sa ido a kan ilimin fasaha tun 1977, ta amince da sashen.

Maganar cewa makarantar waɗanda suka kasa ce kuwa tana damuna ƙwarai, domin mu muke raina aikin hannu, mu ne kuma muke kukan rashin ƙwararru. Duk wanda ya yi gini a Kano ko Abuja ya san yadda ake neman masu sa tayil da masu aikin silin daga Togo da Jamhuriyar Benin, alhali samarinmu na zaune da takardu a aljihu. Ga aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, ga sola da ta shiga gidaje da shaguna da gonakin rani. Duk waɗannan suna buƙatar masu walda da masu lantarki da suka san lissafin abin da suke yi. Yaron da ke kwance fanka da kansa yana nuna maka baiwarsa ne, kuma idan ya fita da takardar NTC zai iya ciyar da kansa da aikin waya ko haɗa sola a lokacin hutu, ko da ya wuce jami'a. Ka zauna da yayanka cikin ladabi ka nuna masa wannan bayani, ka kuma ji ta bakin yaron, domin shi ne zai tsaya a gaban injin shekara uku.

Tambaya:

Malam, 'yata tana son ɗinki da kwamfuta, amma na ji an ce waɗannan makarantu na maza ne. Shin ana ɗaukar mata?

Daga wata uwa a Zariya, Jihar Kaduna

Amsa:

Hajiya, ana ɗaukar mata. Kwalejojin tarayya suna karɓar maza da mata, kuma a cikin sana'o'in da NABTEB ke yi wa jarrabawa akwai ɗinkin tufafi da girke-girke da aikin kwamfuta da lissafin kuɗi da aikin ofis, sannan babu dokar da ta hana mace shiga sashen lantarki ko gyaran na'urori idan can zuciyarta ta fi so. A makarantun jiha kuwa akwai na maza zalla, akwai na mata zalla, don haka ki tambayi hukumar jiharku wadda ta dace da ita. Idan ta kwana ce, ki je ki ga ɗakin kwanan 'yan mata da katangar makarantar da idonki, ki san matar da ke kula da su, ki tambayi yadda ake samun ruwa da magani. Ki kuma ƙirga kekunan ɗinkin da ke aiki da kwamfutocin da ke kunnuwa, ki tambayi yawan ɗaliban da ke raba su.