Ga ƙanenmu da littafin Irmiya ya hana barci

Salama ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka fara karanta Irmiya sai takobi da yunwa da annoba kake ta cin karo da su har ka rufe littafin, wai gani kake kamar da kai ake saboda wani abu da ka aikata, kana tambaya ko tuba tana da sauran amfani in Allah ya riga ya furta hukunci. Toh na daɗe ina koyar da ajin baftisma a ikkilisiyarmu, kuma da yawa sun zo mini da irin wannan tsoron.

Ka buɗe sura 18 ka bi ta a hankali. Allah ya aiki Irmiya gidan maginin tukwane, ya tarar tukunyar da yake ginawa ta lalace a hannunsa, amma mutumin bai watsar da yumɓun ba, sake cuɗa shi ya yi ya gina wata. A nan Allah ya faɗa wa Irmiya sarai cewa ko ya ce zai tumɓuke wata al'umma, in ta juyo ta bar muguntarta zai fasa. Ka duba fa, wajen shekara 40 Irmiya ya yi yana gargaɗi, tun zamanin sarki Yosiya har faɗuwar Urushalima, ai wanda ya ƙudura hallaka ka ba zai tsaya yana kiranka tsawon wannan lokaci ba. Haka ma Nineba, Yunusa cewa kawai ya yi saura kwana 40, suka yi azumi daga sarki har talaka, Allah ya janye.

Amma ba zan ruɗe ka ba, tuba ba kullum take ɗauke sakamakon abin da mutum ya shuka ba, kuma a nan ne mutanenmu da yawa suke tuntuɓe. Ayar nan ta Irmiya 29:11 da ake mannawa a bayan mota, ta shirin alheri da bege, wasiƙa ce fa zuwa ga mutanen da an riga an kwashe su bauta Babila, kuma a cikinta aka ce musu shekara 70 za a yi, su gina gidaje su dasa lambuna su yi aure su riƙa yi wa garin addu'a. Hananiya da ya ce wa mutanen Urushalima shekara 2 kawai komai zai dawo, shi ne annabin ƙaryan. Akwai wani dattijo da na sani wanda ya riƙe gonar marayun wansa, ranar da ya tuba a gaban dattawan ikkilisiya kuka yake kamar yaro, duk da haka aka ce sai ya mayar da gonar ya kuma biya amfanin da ya ci. Ya sha wuya sosai, damina bayan damina yana auna musu hatsi da kwano a gaban mutane, kunyar ma ba ta tafi da wuri ba. Amma na ga yadda ya koma cin jibin Ubangiji da kansa a ɗage, yaran nan kuma yanzu Baba suke kiransa.

Abin da ya fi taɓa ni kam sura 32 ce. Sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya na tsare a farfajiyar masu gadi, sai ga Hanamel ɗan baffansa wai ya sayi gonarsa ta Anatot. Wa ke sayen gona a irin wannan hali? Allah ya ce ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa a gaban shaidu, ya ba Baruk magatakardansa takardun ya ce a adana su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, saboda za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Birnin ya faɗi a 586 kafin haihuwar Almasihu, aka ƙone Haikali, amma a zamanin Sairus sarkin Farisa mutane suka dawo.

Ban san abin da ka yi ba kuma kar ka rubuta shi a nan. Ka nemi fastonka ko wani dattijo da ka yarda da shi ku zauna, in akwai haƙƙin wani a hannunka ka fara mayarwa ko da kaɗan-kaɗan ne. Karatun kuma kar ka daina, yau da dare ka ɗauko daga sura 30 zuwa 33, ina yi maka addu'a.